Geron da Baba Ya Binne a Anacha

Ranar da Baba ya iso Anacha ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mijina ne ya shigo ya ce in leƙa waje, ga wani tsoho can a ƙofar gida ya ƙi shiga zaure, ya ce shi surukin gidan ne. Na yafa zane na fita. Yana tsaye a tsakiyar ruwan, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe wani ɗan buhu da ya rungume a ƙirji, shi kuwa ruwa na dukan fatar bayansa. Haƙarƙarinsa duk a waje. Ba ni yake kallo ba, kwata yake kallo, yadda ruwa ke gudu a cikinta ja wur yana kwasar ɓawon lemo yana yin gangare, ba wanda ya tare shi da ko gwangwani. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana duban gefe, sannan ya ce, kamar da kwatar yake magana, "Duk wannan zubewa yake yi a banza?"

Ni ce haihuwarsa ta farko, saboda haka tsakanina da shi sai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ba. Tun ina ƙarama gwaggona ta ɗauke ni daga ƙauyenmu na can arewa kusa da iyaka, ta riƙe ni a Kano, a nan kuma na yi aure. Dangin mijina Hausawan Anacha ne tun kakansu. Rikici ya koro su Kano, suka zauna har aka gama yaƙin basasa, da hanya ta buɗe suka koma da ni cikin kayansu. Mun tarar an ɓalle ƙofofin gidan an yaye kwanon rufi, muka yi wata da watanni muna tara kwanoni a ɗaki in ana ruwa. Ba a daɗe ba kuɗin man fetur ya fara yawo a ƙasa. Yayan mijina, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ya shiga harkar siminti da shinkafar waje, nan da nan ya yi wuya ya yi tumbi. Mijina yaronsa ne a kasuwa, mutum ne mai kirki, amma in Alhaji ya ce rana ce da tsakar dare zai fita ya shanya kaya.

Da ƙyar aka shawo kan Baba ya zauna a bakin zaure. Ina bayan ƙofa ina ji yana ba mijina labari. Shekaru a jere damina na yi musu rowa, bana kuma ta ƙi gaba ɗaya. Sun yi shuka da ruwan farko, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Suka sake zuba iri, haka aka yi. Rijiyar gari ta ƙafe, maza suna shiga suna ƙara haƙa suna fito da busasshen yashi. Mata sun koma tonon gidan tururuwa suna ƙwace musu ajiya, tafasa da yaɗiya sun zama tuwo. Haihuwar guzuma ake yi, ɗa kwance uwa kwance. Abin da ya rage na iri a gandunsu, shi da ƙannensa biyu, shi ne wannan ɗan buhun, ko rabin buhu bai kai ba. Geron kakansu ne, mai saurin isa, wanda ya san jigawarsu, ba a samunsa a kasuwa. Ƙannen suka ce in ya kwana a garin yunwa za ta cinye shi, in kuwa aka ci iri to gandu ya mutu ko da ruwa ya dawo. Suka ɗora wa Baba amanarsa, ya tafi da shi nesa, ya yi ƙwadago ya riƙa aiko da abin da ya samu, ya dawo da shi kafin damina mai zuwa.

Ya ce da zai fito Inna, wato mahaifiyata, ta riƙe bakin buhun ta ce ya bar mata ko mudu ɗaya ta dama wa yara. Ƙannena biyu ne a gabanta lokacin, namiji da kuma autarmu wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ya ce da hannunsa ya cire mata yatsu daga buhun. Ba da nadama ya faɗa ba, faɗa ya yi don mijina ya san nauyin abin da ke cinyarsa. Ni dai ina bayan ƙofa ina ji, ga shi kuwa da ma ina da ciki ƙarami.

Kwana a gidanmu ba ya cikin lissafinsa. Uba ba ya kwana a gidan auren 'yarsa, balle ya ci tuwon suruki. Ya nemi a nuna masa masallaci. A nan Alhaji ya same shi, ya yi masa gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da, da Baba a sama da Baba a ƙasa, sannan ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, yana neman mai gadi amintacce a rumfar simintinsa ta bakin kogi. Ga wurin kwana, ga abin sa wa a aljihu. Baba ya yi ta godiya. Ni ma a lokacin na ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri, bakina bai san abin da yake faɗa ba.

Rumfar tana ƙasan babbar kasuwa, a gangaren da ake sauke kaya daga jiragen ruwa. Kwano ne sama, kwano ne gefe, ƙasa kuwa yashi. A shekarun Kwara, babban kogin garin, ba ta cika kamar da, don farin da ke cinmu a Arewa ita ma yana tsotsarta, sai 'yan kasuwa suka riƙa matsawa ƙasa suna kafa rumfuna a inda tsofaffi ba za su yarda su kafa ba. Ta Alhaji tana cikin na can ƙasa. Simintin a kan katakai yake, an ɗaga shi daga yashin. Baba ya ɗauka don gara aka yi haka.

Kullum ni ke kai masa abinci da hantsi. Nawa abincin yake ci, na kuɗin ƙullin gyaɗar da nake soyawa, don na rantse masa ba daga tukunyar gidan ba ne. In na ajiye sai in juya baya in zauna, shi ma ya juya, mu yi hira da bango. A haka na ga yadda buhun nan ya hana shi sakat. Ga ɓeraye kamar kyanwoyi, ga 'yan dako masu shiga da fita, ga iskar garin da ke sa gishiri ya narke a kwano, tabarma ta yi furfura. In ya rataye shi a sama sai ya ce kwanon yana gumi. In ya yi matashin kai da shi sai ya kasa zuwa masallaci.

Wata rana, cikin 'yan kwanakin nan da ruwan sama ke ɗan ɗagawa a tsakiyar daminar Kudu, na zo na tarar ba buhu. Baba kuwa fuska a sake, har yana ɗan waƙe-waƙe. Ya nuna mini kusurwar rumfar da haɓa. Ya ce ya sayi tulu, ya gauraya geron da toka, ya zuba, ya rufe da kasko ya liƙe da laka, ya haƙa rami ya binne. Haka ake yi a garinmu in shekara ta ɓaci, a ɓoye hatsi a ƙasa inda ɓarawo da ɓera da wuta ba sa kai wa, a dawo bayan shekara a tarar da shi garau. Ya ɗebi yashin wurin ya murza ya zubar a hankali.

"Duk garin nan wannan kaɗai na gane," in ji shi. "Yashi ne kamar namu. In ta Allah ta kasance a kaina, a faɗa wa mai kawo abinci ta san kusurwar."

Mai kawo abincin ni ce, ba kowa a rumfar sai mu biyu. Haka muke magana.

Ba a yi nisa ba Alhaji ya turo motoci aka fara kwashe siminti. Baba da kansa ya kama ana ɗorawa, da tsufansa. An ce masa an sayar ne. Da rumfa ta zama wayam sai na ga maƙwabta su ma suna kwashe nasu, har da masu cire kwano. Akwai wata mata Ibo mai banda kifi a kusa, wadda takan ba Baba wuta in tasa ta mutu. Ita ta tare ni a hanya ta kama hannuna, ta yi mini da turancin kasuwa.

"Your papa no go comot? Water dey come o."

Wai mahaifina ba zai tashi ba, ga ruwa nan tafe? Na dubi kogin, yana can nesa a kwance kamar ba ruwansa da kowa. Ta ce haka yake yi, ba da ruwan saman Anacha yake cika ba, daga can ƙasashen sama yake tattaro shi, sai damina ta zo ƙarewa ya iso. Ko a shekarar da bai cika sosai ba yana taɓa rumfunan nan. Kowa ya sani, ta ce, mai rumfar ya fi kowa sani.

Yanzu jikokina kan karanto mini a waya cewa yanayin duniya ya juye, wai ƙanƙarar da ke kan duwatsun wasu ƙasashe tana narkewa, wani wuri na ƙonewa wani na nutsewa. Suna faɗa mini kamar sabon labari. Ni da na ga mutum ya gudo daga ƙishirwa ya faɗa wa ruwa a shekara ɗaya, a ƙasa ɗaya. Ƙauyen namu ma da ake fita roƙon ruwa har goshi ya yi kanta, an ce mini yanzu ambaliya ke rushe masa katanga. Ban san abin da ya taɓa sama ba. Na dai san in abu ya juye, ba kan mai siminti yake faɗowa ba.

Na koma gida na faɗa wa mijina. Ya sosa ƙeya ya ce ai Alhaji ya san abin da yake yi. Na ce nima abin da ke damuna ke nan. Matar ƙani ba ta tsayawa gaban yayan miji da magana, amma ni Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na bari Alhaji ya zauna cin abinci na durƙusa a bakin ƙofar falonsa na gaishe shi.

"Yaya, an ce ruwa na shiga rumfar nan."

"Yana ɗan leƙawa," ya ce, yana ɓare ƙashin kaza.

"To ko Baba zai koma sito na sama inda aka kai simintin?"

"Can akwai mai gadi. In na bar rumfar ba kowa, kafin ruwa ya janye an yaye kwanon, wani ya kafa tasa a wurin. Kin manta yadda muka tarar da gidan nan? Kuma mutumin da ya gudo don rashin ruwa, an kai shi inda yake da yawa, ai sai godiya."

Ya yi dariya, matarsa ta taya shi daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alhaji ya san rumfarsa ciki da bai, ya san abin da ya sa ya ɗora siminti a kan katako, ya san abin da ya sa ya kwashe tun kogi na nesa. Ya san da buhun iri kuma, a gabansa aka ba da labarin a masallaci. Kalma ɗaya ce, da ya ce Baba kada ka ajiye komai a ƙasa, shi ke nan. Bai ga abin ya kai a ɓata masa yawu ba. Har yau in na tuna da ƙashin kazar nan raina ɓaci yake yi.

Washegari na faɗa wa Baba, ina kallon bango. Na ce a tone tulun a kai ɗakina. Ya ce a'a. Gidan mutane da yawa, ga kaji, ga mata masu sha'awar furar gero, kuma ba ya kai ajiya gidan suruki a ce ya zo da kaya. Ya ce shi ma ya lura kogin na matsowa, ba makaho ba ne. Ya fita ya nuna mini wani tsinke da ya kafa a bakin ruwa, kullum yana matsar da shi. Ya ce ya san ruwa, ya taɓa tare rafin garinmu a shekarun da yake kawowa. Ruwa ta gaba yake zuwa, kana ganinsa, ka yi masa datsi. In ya iso datsin, sai ya tone tulunsa ya hau tudu, ba kafin nan ba, don tulu a fili idon mutane ne.

Maganarsa ta shige ni. Ni ma 'yar jigawa ce, abin da na sani ke nan. Ya tattaro tsofaffin buhunan siminti ya cika da yashi ya kewaye rumfar ta ɓangaren kogi. Aiki ne mai kyau, kamar kunyar gona, har 'yan dako na tsayawa suna kallo. Wasu na dariya, ba wanda ya ce masa komai cikin Hausa, ga su kuwa Hausawa ne da yawansu, sun daɗe a garin. Baƙon ƙauye abin nishaɗi ne a wurinsu. Mai kifin ce kaɗai ta yi ta nuna masa ƙasa da yatsa tana magana, shi kuma ba ya jin abin da take cewa, ya ɗauka shara take so ya yi. Daga baya ita ma ta kwashe kayanta ta tafi.

Ranar da abin ya faru sama tas take, ko ɗigon hadari babu. Na sauko da kwanon koko. Kogin ya matso amma bai taɓa datsin ba, akwai busasshen fili tsakaninsu da mutum zai shimfiɗa tabarma ya yi salla. Na shiga rumfar na ji ƙafata ta yi sanyi. Yashin ya yi duhu, in ka taka sai sawunka ya yi ƙyalli. Baba na durƙushe a kusurwa yana tono da hannu biyu. Kafin hannunsa ya nutse zuwa gwiwar hannu ramin ya kawo ruwa, yana kwashewa yana dawowa. Mutumin da ya baro rijiyar da aka haƙa har ana jin tsoron shiga ba a sami danshi ba, ga shi yana tono da farce ruwa na ɓulɓulowa. Ta ƙarƙashin ƙasa kogin ya biyo, ya daɗe a cikin rumfar muna zaune a kansa.

Na ajiye kwanon na kama masa muka ciro tulun. Lakar da ya liƙe bakin da ita ta narke, kaskon ya zame. Wari ne ya fara bugun mu, tsami-tsami kamar gasarar da ta kwana biyu. Geron da ke sama ya kumbura ya tsiro, fararen saiwoyi sun sarƙe da juna sun zama dunƙule guda. Ya zura hannu ƙasa ya ciro baƙin taɓo. Bai yi salati ba. Ya ɗauki tulun ya hau tudu bakin hanya, ya shimfiɗa tabarmarsa ta salla ya juye, ya zauna yana tsincewa da yatsa yana neman ƙwayar da ba ta tsiro ba. In ya ga mai kama da lafiyayya sai ya latsa, ta fashe. Na zauna nima ina tsinta ina kuka. Kajin unguwa suka kewaye mu.

A haka Alhaji ya same mu. Ya zo duba kwanonsa ne a sabuwar motarsa, mijina na zaune a gaba. Ya fito ya tattare babbar riga, ya leƙa rumfa ya ga komai na nan, ya hauro ya tsaya a kanmu yana toshe hanci.

"Subhanallahi, Baba, a ƙasa ka binne? A bakin Kwara? Ai da ka tambaya."

"Ƙaddara ce, Alhaji," in ji Baba.

"Wannan kam sai kaji. Amma kada ka damu, wa ke ta gero yanzu? Ƙasa ta yi kuɗi, abinci a jirgi yake zuwa." Ya juya ya ce wa mijina ya sauko da buhun shinkafa daga bayan mota. Aka dire shi kusa da tabarmar, fari ƙal da rubutun Turawa. Alhaji ya buga shi da tafin hannu ya ce, "Ga wannan, ka kai gida ka shuka. In ta tsiro ka aiko mini da zakka."

'Yan dakon da suka taru suka kwashe da dariya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ya sani, tun ranar da ya kwashe siminti ya sani, na je har ƙofarsa ya yi mini dariya. Na ce Allah ya isa tsakaninsa da mahaifina. Mijina ya sunkuyar da kai kamar ana masa aski.

A ranar Baba ya fara dubana ido cikin ido tunda aka haife ni. Ya ce, "Ke! A gidan aurenki? Durƙusa." Na durƙusa. Shi ma ya sauko daga tabarmar ya tsuguna a gaban Alhaji, wanda a haife Baba ya kusa haifarsa, ya ce a yi haƙuri, laifin tarbiyya ne, nasa ne ba nata ba. Ya gode da shinkafa, ya gode da masauki, ya yi addu'ar Allah ya ƙara buɗi. Alhaji ya ce ba komai, ai ciki ne ke sa mata haka. Yana tsugunnen nan kaji suka hau tabarmar, bai kore su ba.

Bai ƙara kwana a rumfar ba, ya ce gida zai koma ya faɗa da bakinsa. Ni kuma na ce zan bi shi, haihuwar fari a gaban uwa ake yi, al'ada ce ba mai hana ni. Mijina ya ce wa ke zuwa haihuwa garin yunwa? Alhaji ya ce a bar ni in je in huce. Muka hau motar kaya da ke komawa Arewa, ni da Baba da buhun shinkafa. Muna tafe kore na raguwa, har muka fara wuce mushen shanu a gefen hanya, fata da ƙashi, ungulu ma ta ƙoshi ta bar su. Duk tafiyar Baba bai jingina da buhun ba, bai kuma ɗora masa hannu ba.

Da la'asar muka shiga gari, buhun a kan jakin haya. Ƙannen Baba biyu na zaune a gindin bishiyar ƙofar gida, sun zama kamar sanduna. Suka taso da murna, suka dubi jakin, murnar ta tsaya. Bayan gaisuwa babban cikinsu ya ce, "Yaya, ina ajiyar?"

"Ruwa ya ci," in ji Baba.

Suka dubi juna. Mutanen da ke auna ruwan sha da ludayi, ka ce musu ruwa ya ɓullo daga ƙasa ya cinye hatsi a cikin rufaffen tulu, rana na sama. Wani maƙwabci ya yi dariya. Ƙaramin cikin ƙannen ya je ya shafa buhun ya ce, "Ruwan Kurmi da kirki yake, ya ci gero ya biya da shinkafa." Na buɗe baki na ce a gabana aka yi, da hannuna na ciro tulun. Suka ce ai 'ya ba ta shaidar uba, kuma ga ni nan na yi ƙiba da abincin attajirai. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Baba ya sayar wa surukansa irin. Har ya koma ga Allah ba a sake ba shi ajiyar ko allura ba, gandun ya watse, geron kakansu kuma daga ranar ba a ƙara ganinsa a jigawar nan ba.

Muka shiga cikin gida. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, turmi a kife a gefenta. Ƙanena ya leƙo daga bayanta, kai babba, ƙafafu kamar kara. Ta ji duk abin da aka yi a waje, katangar zana ce. Ta yi wa Baba sannu da hanya, ta tambayi mutanen Kudu, ta dubi cikina ta kawar da kai. Baba ya zauna a kan turmin yana waige-waige, ya dubi ɗaki, ya dubi bayan rumbu. Can ya ce, "Ina auta?"

"Tana bayan gari," in ji Inna. "Ba ta daɗe ba bayan tafiyarka. Ganyen ne cikinta ya ƙi."

Baba ya yi salati a hankali. Ni na fashe da kuka, Inna ta ce in yi shiru kada in tayar wa na cikina hankali. Sannan ta juya wajensa, muryarta ba ta ko rawa.

"Na ji an ce ruwa ka kai wa irin, Malam. Ni na yarda, ba ka iya ƙarya ba. Mudu ɗaya na roƙe ka."

Ta tashi ta jawo buhun da kanta, ta farke bakinsa da wuƙa. Ta ɗauko mudu ta cika shi har yana zuba, ta juye a tukunya, ta ƙarar da ruwan da ke randa a kai. Da ta nuna ta ɗibar wa yaron, ta ɗibar mini, sauran duka ta tula a akushi ta dire a gaban Baba, fara ba mai ba gishiri. Matar da tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa zama inda yake cin abinci ba, ta jawo tabarma ta zauna daf da shi tana kallon bakinsa.

"Ci mana," ta ce. "Kai ka kawo."

Ya sa hannu. Ya kai loma, ya ɗago ya ga tana nan, ya sake kai wata. Ba ta tashi ba sai da ya cinye.